Cikon Tawagar Baaba

Ni ne ɗan farin mahaifina, saboda haka ban tashi a gabansa ba. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa cikin Yola, gidanta mai darbejiya a tsakar gida, shi kuwa yana Jimeta, a Gwadabawa, da mahaifiyata da ƙannena da suka biyo baya. Dada muke kiran kakar tawa, don haka muka ji shi yana kiranta.

Baaba bai taɓa kiran sunana ba. Idan na je hutu yana son ya aike ni, sai ya dubi ɗaya daga cikin ƙannena ya ce, "Ku gaya wa yayanku ya kawo buta." Idan babu kowa a kusa, sai ya yi gyaran murya ya faɗa wa bango abin da yake so, ni kuma in tashi in yi. Ƙannena suna hawa cinyarsa, suna cire masa hula, yana kiran kowa da sunansa har da na tsokana. Dada ta sha gaya mini cewa ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, haka ubansa ya yi masa, kuma duk Bafulatanin da ya nuna ɗan farinsa a gaban mutane ya ce "ga ɗana" bai san kansa ba. Na yarda da ita. Amma yardar ba ta hana ni so in ji ya faɗa ba, ko sau ɗaya. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Ni ba mai magana ba ne, a littafi nake ɓuya.

Na koma gidansa da zama shekarar da na shiga jami'a. A shekarar ce mutanen arewacin jiha suka gudo daga hare-haren 'yan bindiga, Jimeta ta cika har babu gidan da ba a shimfiɗa tabarma a barandarsa ba. Ba a jima ba malamai suka tafi yajin aiki, na zauna gida ba ranar komawa.

A lokacin Baaba ne shugaban jam'iyyar adawa na jiha. Kowa Ciyaman yake ce masa. Sun faɗi zaɓe, kuma mutanensa suna ta sauya sheƙa ɗaya bayan ɗaya. Ƙannena suna ba ni labarin lokacin da takalman baƙi suke cika ƙofar falo har su gangaro kan matakala. Ni abin da na tarar, bayan sallar asuba a kai babban flas na shayi da burodi, wasu tsofaffi su zo su sha, su zagi gwamnati, su tafi. Wani lokaci shayin yakan dawo cikin gida da saura.

Duk da haka Baaba bai fasa fita ba ko rana ɗaya. Aikin ɗan adawa ke nan: ba shi da ofishin da ake layi a ƙofarsa, sai dai shi ya bi mutane. Ta'aziyya da safe, dubiya a asibiti, ɗaurin aure, suna, zama da masu sayar da kifi, zama da direbobin tasha, wani lokaci gidan rediyo. A kowane wuri a ɗauki hoto a sa a waya da rubutu a ƙasa: yau Ciyaman da tawagarsa sun je wuri kaza. A nan matsalar take, don tawagar ta ƙare.

Mai tsara masa fita wani gajeren mutum ne mai faɗin murya, ba wanda ke tuna sunansa na yanka, Furotokol kawai ake ce masa. Shi ke shiga gaba ya ga inda aka ajiye kujera, shi ke gabatar da mutane, shi ke ɗaukar hoto. Yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya wasa da ita: Ciyaman ba ya sauka daga mota shi kaɗai. Idan aka gan shi da direba da Furotokol kawai, kafin la'asar labari ya kai gidan gwamnati cewa adawa ta mutu.

Wata safiya ya same ni a bayan tankin ruwa ina karatu.

"Furofesa, kana nan kana cinye takarda? Tashi ka sa riga."

Na ce ina zan je.

"Inda manya ke zuwa." Ya ja ni har ƙofar falo, ya rusuna. "Ranka ya daɗe, a ara mini Furofesa yau. Mota ta yi sako-sako."

Baaba bai ɗago daga kofin shayinsa ba. Ya ce, "Idan ba a komai."

Izinin ke nan. Na shiga ɗaki na sa kaftanin sallah. Ban taɓa shiga mota ɗaya da shi ba.

Baaba a gaba yake zama kusa da direba, ba ya son kujerar baya. Ni a bayansa daidai aka sa ni, Furotokol a gefena, sai wani tsohon kansila mai barci da ba ya rasa fita saboda abincin biki. Tafiyar duka ƙeyar Baaba nake kallo. Na ga furfurar da ke ƙasan hularsa, na ga inda zufa ta canza wa bakin hular launi. Ban taɓa ganinsa kusa haka ba.

Ranar kasuwar Jimeta muka je, wajen masu sayar da kayan gyaran mota. Shugabansu Inyamuri ne da ya tsufa a garin, Hausarsa ta fi tawa gudu. Aka jera mana kujerun roba a tsakanin tayoyi. Furotokol ya miƙe ya gabatar da Ciyaman da duk kirarinsa, ya gabatar da kansila, sai ya nuna ni.

"Ga kuma wakilin ɗalibai na jiha baki ɗaya."

Shugaban 'yan kasuwar ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Oga Ciyaman, wannan wakili naka ba ya cin abinci ne? Iska zai ɗauke shi o. Ku ci zaɓe ku ba yaro tuwo."

Aka yi dariya, har Baaba. Bai dube ni ba, amma ya yi dariya a kan abin da ya shafe ni, kuma na riƙe wannan har muka koma gida.

A mota na ce wa Furotokol a hankali, ni ba wakilin kowa ba ne.

"Kai ba ɗalibi ba ne?"

"Ɗalibi ne."

"A jihar nan?"

"E."

"To me ya rage? Ko so kake in ce ga ɗan Ciyaman, ya tashi ya bar wurin?"

Gaskiyarsa. Ba zai yiwu a gabatar da ni a matsayina ba a gaban Baaba, kuma tunda a cikin Yola na tashi, 'yan siyasar Jimeta ba su san fuskata ba. Furotokol ya gano cewa ya samu mutumin da zai iya zama ko wane ne.

Daga nan muƙamai suka yi ta zuwa. Yau ni ne sakataren matasa na Fufore, gobe wakilin manoman rani na bakin Binuwai, jibi jami'in yaɗa labarai na wata ƙaramar hukuma da ban taɓa takawa ba. A but ɗin mota akwai leda cike da huluna. Kafin mu sauka Furotokol zai zaɓo ɗaya ya ɗora mini, ya ja baya ya duba, ya ce, "Yauwa, yanzu ka yi kama da mutumin Ganye." Dalilinsa shi ne kada masu kallon hoto su gane fuska ɗaya ce kullum. A hoton ni nake tsayawa can gefe, rabin fuskata a bayan kafaɗar kansila.

Wata rana a wani ɗaurin aure a Rumde, wani dattijo ya ji an ce daga Fufore nake, ya matso ya tambaye ni ko ruwa ya janye daga fadamar wani ƙauye. Na tsaya ina in'ina har Furotokol ya zo ya janye ni da cewa Ciyaman na nemana. Ban ci abinci ba ranar. Abin da ya dame ni ba ƙaryar ba ce, tsoron a kama ni ne. Sai na yi abin da na iya. Na samo taswirar jiha, na nemo tsofaffin littattafan tarihin ƙasa a ɗakin karatu, na riƙa sauraron labaran rediyo kamar za a yi mini jarrabawa. Na haddace ranar kasuwar kowane gari, da rafin da ke ratsa shi, da sarautar mai garin, da abin da suka fi nomawa. Idan aka tambaye ni, in amsa a taƙaice in sunkuyar da kai, mutane su ce yaron yana da ladabi.

"Ranka ya daɗe," in ji Furotokol wata rana a hanya, "Furofesa ya fi 'yan gari sanin garinsu."

Baaba ya buɗe robar ruwa ya sha, ya miƙo ta baya ta saman kafaɗarsa ba tare da ya juyo ba.

"A ba na baya."

Na baya mu uku ne, amma hannun wajena ya nufo. Na karɓa da hannu biyu.

A waɗannan watanni na ga abin da ƙannena ba su gani ba. Na ga Baaba zaune a falon wani attajiri, an kunna mana talabijin, yaron gida yana dawowa yana cewa Alhaji bai tashi ba tukuna, alhali muna jin muryarsa a sama yana waya. Na gan shi a shingen sojoji, an sa mu duka mun sauka ana bincika but, soja yana zazzage ledar huluna a ƙasa, sai ga ayarin wani kwamishina da jiniya, wanda Baaba ne ya fara kai shi siyasa, aka ɗage masa shinge ya wuce. Na ga Furotokol yana rigima da masu biki a kan kujera, yana ɗaukarta da kansa daga layi na biyu zuwa na farko, Baaba yana tsaye yana gaisawa da mutane kamar bai san abin da ake yi ba. Ina jin kunyar duk wannan, kunyarsa da kunyar kaina a haɗe. Amma kullum da safe ni ne na farko a bakin mota.

Akwai kuma abin da ba ya shiga hoto. A wajen ta'aziyya Baaba ba ya karanta komai, ya san mamacin, ya san ubansa, ya san shekarar da aka yi masa canjin wurin aiki. A asibiti yakan zauna a bakin gadon mutum ya riƙe ƙafarsa. Ban san yadda mutum ɗaya yake iya wannan kuma ya bar a sa wa ɗansa hular Ganye ba.

Ranar da muka je unguwar Damilu da bazara ce, zafin da ke sa kwalta ta yi laushi. Wani dattijon jam'iyya ya rasu, Kirista, tsohon ma'aikacin gona na gwamnati, asalinsa daga yankin Michika, can arewacin jiha. Tun da aka gudo ya cika gidansa da dangi, kuma a cikin hidimarsu ciwo ya kwantar da shi.

Muna shiga layin Furotokol ya laluba leda ya ɗora mini hula.

"Yau kai ne shugaban matasanmu na Michika."

Na ce, "Mutanen can ne fa a gidan."

"Shi ya sa. Za su ji daɗi su ga ba a manta da su ba."

"Ba na jin yarensu."

"A can babu Fulani ne? Akwai su cike da kasuwa. Ba wanda zai tambaye ka yare, makoki ake."

Na dubi ƙeyar Baaba. Yana kallon waje ta taga. Na jira gyaran murya, bai yi ba.

An kafa rumfa a ƙofar gida, maza a kujerun roba, mata a tabarmi ta gefen katanga suna rera waƙar coci a hankali. Ta ƙofar da ke buɗe ana hango tsakar gida: katifu a jingine, bokitai a jere, igiyar shanya ta ko'ina, yara da yawa da ba sa wasa. Babban ɗan mamacin ya tarbe mu, faston cocinsu ya matsa mana wuri.

Furotokol ya yi gabatarwa da murya ƙasa-ƙasa yadda ya dace da makoki. Da ya zo kaina ya ɗan ɗaga ta.

"Ga kuma ɗanku, shugaban matasan jam'iyya na Michika. Ciyaman ya ce ba zai zo ba sai da shi."

Kawuna suka juyo. A tabarmin mata waƙar ta yi rauni.

Baaba ya yi ta'aziyya. Ya ba da labarin yadda mamacin ya taɓa kwana a gonar wani manomi yana jiran ya ga irin tsutsar da ke cin masara, mutane suka yi murmushi suna share ido. Fasto ya yi addu'a, muka shafa tamu. Na fara jin an kusa tashi.

Sai wata tsohuwa ta miƙe daga cikin mata. Yayar mamacin ce, na ji daga baya. Ba takalmi a ƙafarta, zanenta ɗaure a ƙirji a kan wata tsohuwar riga. Ta ratso tsakanin kujeru har inda nake, ta kama wuyan hannuna. Tafinta busasshe ne, mai ƙarfi.

"Yaro, kai na wane unguwa?"

Na ambaci wata unguwa kusa da kasuwa, wadda na gani a littafi.

Ta gyaɗa kai. "Hanya fa? An ce gada ya karye."

"An karya ta, Mama. Amma yanzu rani ne, ana ratsawa ta cikin rafi."

"Kasuwa yana ci?"

"Kaɗan-kaɗan. Ba kamar da ba."

Duk a rediyo na ji. Ta juya wajen matan ta yi musu magana da yarensu, sannan ta ce da Hausa, "Ya sani. Na gida ne." Wasu mata biyu suka taso suka tsaya a bayanta.

Ta matso da fuskarta kusa da tawa.

"Yarona mai injin niƙa ne, a bayan tasha. Dogo, yana da tabo a nan." Ta taɓa haɓarta. "Ranar da muka gudu ya ce mu tafi, zai kulle inji ya biyo mu. Wayarsa ba ya shiga. Kai shugaban samari ne, ka san shi. Kowa ya san shi. Ka gan shi?"

Ta bayan kafaɗarta ina ganin Furotokol yana gyaɗa mini kai, leɓɓansa suna cewa "lafiya, lafiya" ba sauti. Na san ranar kasuwar garinta, na san sunan dutsen da ke bayansa, na san sarautar mai garin. Da ban san waɗannan ba, da tun a tambayar farko ta sake ni ta koma tabarmarta. Yatsunta suna ƙara matse hannuna. Na ji bakina ya buɗe, kuma kalmar da Furotokol yake so ce take hanyar fitowa, don ita ce mafi sauƙi, kuma ban taɓa iya ce wa babba a'a ba.

Kujerar Baaba ta yi ƙara.

Ya taso, ya tattara babbar rigarsa, ya durƙusa a gaban tsohuwar a kan ƙasa. Ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a sallah.

"Mama, ki yi haƙuri. Yaron nan bai taɓa zuwa garinku ba. Bai san ɗanki ba."

Ta dube shi, ba ta gane ba.

"An ce shugaban samari."

"Ba shi ba ne. Ɗana ne." Ya sunkuyar da kai. "Ɗan farina ne. A Yola ya tashi. Ni na sa shi a mota don kada a ce na zo ni kaɗai."

Furotokol ya fara cewa, "Ai ni ne na ruɗe wajen..." Baaba ya ɗaga hannu ya dakatar da shi.

Tsohuwar ba ta sake ni nan take ba. Ta dubi Baaba, ta dube ni, ta sake dubansa.

"Ya yi kama da kai," ta ce. "Allah ya raya maka."

Sannan ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta goge tafinta a zane, ta juya. Matan biyu suka riƙe ta suka mai da ita tabarma. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta miƙe ƙafafunta tana kallon su.

Babban ɗan mamacin ya ce, "Ba komai, Ciyaman," da muryar da ake sallamar baƙo. Fasto ya ɗauko waƙa, mata suka amsa. Muka tashi. Ba a ɗauki hoto ba. Ina tafiya zuwa mota ina jin idanu a bayana, hular kuma ta yi mini nauyi, amma na kasa ɗaga hannu in cire ta.

A mota ko kansila bai yi barci ba. Wurin da ta riƙe a hannuna ya yi shata. Ina ta maimaita abin da Baaba ya faɗa a zuciyata, ina neman daɗin da na daɗe ina zaton zan ji, sai in ga tsohuwar tana goge tafinta a zane.

Da muka hau babban titi Furotokol ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, saura ɗaurin aure a Rumde."

"Mu je," in ji Baaba. Can kuma ya ce wa gilashin gaba, "A sauke yaron nan ya hau keke napep."

Aka sauke ni a shataletale. Na ajiye hular a kan kujera. Ban nufi Gwadabawa ba, na hau keken cikin Yola.

Na tarar da Dada a ƙarƙashin darbejiya tana tsince shinkafa. Ban gaya mata komai ba, na shiga tsohon ɗakina na kwanta. Amma labari ba ya jiran mai shi. Kafin magariba wata goggona ta iso da mayafi a hannu, na ji su suna magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, sai Dada ta kira ni.

"Gaskiya ne abin da na ji?"

Na sunkuyar da kai. Na fara ba ta labarin tsohuwar da ɗanta mai injin niƙa.

Ta katse ni. "Da bakinsa ya faɗa? A gaban jama'a?"

"E, Dada."

"Ya ce ɗan farinsa?"

"E."

Ta ture farantin shinkafar gefe. "Siyasar nan ta gama da shi. Kamar ba ni na haife shi ba. Ubansa har ya koma ga Allah ba a taɓa jin haka a bakinsa ba." Ta juya ga goggo. "Kuma wai a durƙushe."

Ba ta tambayi labarin tsohuwar ba. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwar Baaba da sakin fuska.

Ban sake shiga motar ba, ba wanda kuma ya ce in shiga. Na ji ƙanin direba ne ya gaji ledar huluna. Da aka janye yajin aiki na koma makaranta na nemi ɗaki a can. Baaba ya ci gaba da fitarsa har wa'adinsa ya ƙare, wani ya hau. Yanzu ya tsufa, yana zaune a falon nan da flas ɗin shayi, tsofaffin da suka rage suna zuwa. Idan na je gaishe shi yakan amsa yana kallon ƙofa, idan kuma yana son wani abu ya ce wa jikokinsa, "Ku gaya wa babanku babba." Bai sake faɗin kalmar ba, ban kuma sa ran zai sake ba.

Sau ɗaya na koma Damilu, bayan hanya ta buɗe mutane sun fara komawa gida. Na daɗe ina shirya abin da zan ce. Na wuce ƙofar gidan, na kai ƙarshen layi, na dawo, sannan na ƙwanƙwasa. Tsakar gidan ta zama fili, babu katifu, babu bokitai. Wata budurwa ta leƙo da kumfar wanki a hannunta.

Na tambaye ta ina tsohuwar. Ta ce ai ta koma tun kafin damina, ta ƙi zama, ta ce gara ta jira a can.

Na so in tambaya ko an ji labarin mai injin. Tambayar da na zo da ita ke nan. Na tsaya ina kallon kumfar tana tsiyaya daga yatsunta.

"Wa za a ce ya zo?" ta tambaya.

Ban taɓa faɗa da bakina ba sai ranar. Na ce, "Ɗan Ciyaman ne."

Ta ƙura mini ido, sai fuskarta ta canza.

"Au. Shugaban matasa."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta jira ko akwai saura, da ta ga babu ta ce a gaida gida, ta tura ƙofa. Na taka zuwa bakin titi a cikin rana, mai keke ya tsaya yana tambayar ina zan je, na ce masa ya wuce.